Gida Ɗaya, Jingina Biyu

Ku masu koyon dillanci a hannuna, kuna ganina a kan benci da ƙararrawa a hannu ina ɗaga murya, sai ku ɗauka aikin gwanjo baki ne kawai. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa in mutum yana da maƙogwaro, kuma ba ya jin kunyar jama'a, to ya gama koyon sana'ar. Ku gyara zama ku ji. Ranar da kuka gan ni a kan benci, aiki ya riga ya ƙare. Wahalar duk an sha ta tun kafin nan, a inda ba mai kallo.

Gidan farko da na sa hannu a cinikinsa wani tsohon soro ne a cikin gari, na magada, ana so a sayar a raba musu. Lokacin ina koyo a hannun Baba Mani, Allah ya ji ƙansa, tsohon dillalin gidaje wanda kotu ke ba aikin gwanjo a nan Daura. Na zaci za mu shiga ne mu ƙirga ɗakuna mu fito. Sai ya miƙo mini sandarsa ya ce in bi azara ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa. Wadda ta amsa da ƙarfi lafiyarta lau. Wadda ta yi ƙara kamar ƙwarya, gara ta cinye cikinta. Ya sa na leƙa rijiya, na jawo guga na ɗanɗana ruwan. Ya sa na bi katanga ta waje, ina tsayawa a ƙofar kowane maƙwabci ina sallama, ina tambayar inda iyaka ta tsaya. Ba mu bar wurin ba sai da la'asar ta yi sanyi, kuma ko maganar kuɗi ba mu fara ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sandar nan, da igiyar awo, da ƙararrawar tagulla, da 'yar guduma ta itacen ƙirya, da gwangwanin kunun rogo na liƙa sanarwa a bango. Amma Baba Mani yakan ce babban kayan aikin dillali tambaya ce. Gidan nan na wane ne? Ta wace hanya ya zo hannunsa? Sai kuma wadda ya fi jin tsoro: akwai hannun wani a kansa? Wato an taɓa jinginar da shi? Biyun farkon nan maƙwabta da mai unguwa za su amsa maka. Ta ƙarshen kuwa, wani lokaci ko matar gidan ba ta sani ba.

Saboda wannan tambaya ya fara kai ni Katsina, ofishin filaye. Ban manta shigata ɗakin rajista ba. Ɗaki ne dogo, da kantoci daga ƙasa har rufi, kowanne cike da fayil an ɗaure da zare. Na tsaya na saki baki. Baba Mani ya ce, "Ka ga waɗannan? Kowanne gida ne, ko gona, ko shago. Akwai masu zaune a cikin wasunsu yanzu haka da ba su san abin da aka rubuta a kansu a nan ba."

A bakin ƙofa akwai wani magatakarda da hatimi a gabansa. Duk takardar jingina da aka kawo, in an samu amincewar gwamna kuma an biya kuɗin kan sarki, sai ya buga mata hatimi, ya rubuta ranar da ta shigo har da sa'ar. Baba Mani ya nuna mini hannun mutumin ya ce, "Isyaku, in mutum biyu suka ba da bashi a kan gida ɗaya, ranar da za a sayar ba a tambayar wa ya fara miƙa kuɗi. Wanda takardarsa ta fara isowa ƙarƙashin hatimin nan shi ake fara biya, muddin bai san da na gabansa ba. Wadda ta shigo da hantsi ta riga wadda ta shigo bayan azahar, kuma ta riga ta ke nan har abada. Wanda bai zo ba sam, sai ya jira ragowa, in akwai ragowar."

Na ce, "Baba, ko da shi ne na farko? Ko da yana da shaidu?"

Ya ce, "Shaidunsa suna unguwarsu. Wanda zai zuba kuɗinsa daga wani gari, ta ina zai san su? Nan ne inda kowa zai iya zuwa ya duba."

Na ji maganar da kunne. Sai bayan shekaru na gan ta da ido.

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar nan, aiki ya ƙaru mana. Mutanen da suka daɗe suna haɗiye haƙƙinsu suka fara zuwa gaban alƙali, wannan da rabon gado, wancan da bashi, wani da jinginar gona tun ta kakanni. A majalisu kuwa ana ta cewa zamanin takardar gwamnati ya wuce, yanzu shaidu biyu adilai sun isa komai. A lokacin ciwon ƙafa ya zaunar da Baba Mani a gida, lasisi ya dawo da sunana. Ban fasa zuwa Katsina kafin kowane gwanjon gida ba, don kuwa haka aka koya mini.

Sai ga shekarar nan da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, fara kuma ta biyo ta cinye abin da ya rage. Hatsi ya yi tsadar da dattawa suka ce rabonsu da irinta tun suna samari. Mutane suna shigowa ta Kongolam, can bakin iyaka, da dabbobin da kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, suna sayarwa a yadda aka taya. A wannan shekara na yi gwanjon injin niƙa, da babura, da amalanke, da shagunan mutanen da na san iyayensu. Masu sayarwa sun yi yawa, masu saye babu. Kakan wuni kana kaɗa ƙararrawa ka koma gida da la'adar da ba ta kai kuɗin cefane ba. A cikinta ne maganar gidan Alhaji Habu ta zo hannuna.

Alhaji Habu ɗan kasuwar riɗi da wake ne. Da bazara yakan ba manoman wajen Sandamu iri da taki, da kaka su biya shi da amfanin gona. Gidansa yana bakin hanyar Mai'adua, babban gida, da sito biyu a gaba da rijiya a tsakar gida, kuma shi ya tsaya a kan gininsa tun daga harsashi. Amininsa tun ƙuruciya shi ne Alhaji Mamman, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua, mutumin da makiyaya ke bar wa kuɗin shanunsu yana juya musu har su dawo daga kiwo.

Wata bazara kafin wannan masifa, Alhaji Habu ya buƙaci jari. Alhaji Mamman ya ba shi kuɗi masu nauyi, wani kaso nasa, wani kaso na makiyayan nan. A gaban shaidu biyu da mai unguwa Alhaji Habu ya ce gidansa ne jingina. Aka rubuta da ajami, kowa ya sa hannu. Ya shiga ɗaki ya ɗauko satifiket ɗin gidan da makullan sito, ya ajiye a gaban amininsa. Alhaji Mamman ya ture masa su ya ce, "Haba, Alhaji! Ni zan riƙe takardar gidanka? Mutane su ce me? Mayar da abinka inda ka ɗauko."

Da bazara ta zagayo, Alhaji Habu ya so ya ƙara yawan manomansa, sai ya je banki. Suka karɓi satifiket, lauyansu ya je Katsina ya duba, ba sunan kowa a kan gidan. Aka bi duk matakan, aka buga hatimi. Bai gaya wa banki maganar Mamman ba, bai gaya wa Mamman maganar banki ba. Daga baya ya ce mini a lissafinsa gidan ya fi ƙarfin basussukan biyu, kuma kaka ɗaya mai kyau za ta share duka. Kakar ba ta zo ba. Manomansa ba su girbe abin da za su ci ba, balle na biyan bashi.

Makiyaya suka zo wa Alhaji Mamman neman kuɗinsu, su sayi hatsi da dusa kafin sauran dabbobinsu su faɗi. Ya sayar da nasa shanun a wulaƙance ya sallami wasu. Sauran suka shimfiɗa tabarma a zaurensa suka zauna. Ba faɗa, ba zagi, zama kawai. Wannan zama ne ya sa ya kai amininsa kotun shari'a, kuma a kan babur ɗaya suka tafi. Alhaji Habu bai yi musu ba. Ya amsa bashi, ya amsa jingina. Maganar banki ba a tambaye shi ba, shi kuma kunya ta ɗaure masa baki. Alƙali ya ba da umarni a sayar da gidan a biya Alhaji Mamman, aka miƙo mini takarda.

Na bi gidan da sandata kamar kullum, na auna, na gaisa da maƙwabta. Sannan na hau mota sai Katsina. Magatakarda ya kwance zare ya buɗe fayil, sai ga jinginar banki a kwance da hatiminta, da ranarta, da sa'arta. Na bi shafukan har ƙarshe, sunan Alhaji Mamman bai fito ko sau ɗaya ba. A nan kuma na ji cewa lauyan bankin ya riga ya shigar da ƙara a babbar kotu. Da na dawo Daura ban biya ta gida ba, na wuce wurin alƙali na shaida masa.

Alƙalin nan dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, sai ka matso kafin ka ji shi. Ya sa aka kira mutanen biyu da shaidunsu. Ranar kotu ta cika har waje, don labari ya bazu, kowa yana son ya ga yadda shari'a za ta kayar da banki.

Alƙali ya ce, "Alhaji Mamman, ranar da aka yi jinginar nan, ka karɓi takardar gidan?"

"Allah ya gafarta Malam, ya ba ni, na mayar masa."

"Makullai fa?"

"Su ma na mayar."

"Ka zaunar da wani naka a siton? Ko kun samu wani amintacce ya riƙe muku?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam. Aminina ne. Na ji nauyi."

Alƙali ya juya wurin shaidu ya ce, "Ku kun ji an ambaci jingina. Kun ga an karɓa?"

Babbansu ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun ga an mayar."

Dattijon nan ya ce, "Alhaji Mamman, bashinka tabbatacce ne, yana wuyan wannan mutum duniya da lahira. Amma jingina a wurin malamanmu ba ta cika da faɗa. Sai an riƙe, riƙon da idon mutane zai gani. Dalili kuwa, don kada wani ya zo daga baya ya ga abu a hannun mai shi, ya zuba dukiyarsa a kai bai san da kai ba. Kai ka bar gida da takarda da makulli a hannunsa. Wasu suka zo suka duba inda ake dubawa, ba su gan ka ba, suka karɓi takardar, suka rubuta sunansu inda kowa zai gani. Riƙon da ka ƙi yi saboda kara, su sun yi shi. Ba ni da hanyar da zan sa ka a gabansu."

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai masu cin kuɗin ruwa ne!"

Alƙali ya ce, "Wannan magana ce daban, kuma ba a gabana take ba. Abin da ke gabana shi ne wa ya riƙe."

Ina tsaye a bakin ƙofa ina saurare. Abin da Baba Mani ya nuna mini a ƙarƙashin hatimi a Katsina, shi ne wannan dattijo ya ciro daga littattafan da aka rubuta tun ba a san da ofishin filaye ba. Waɗanda suka rubuta dokar gwamnati da waɗanda suka rubuta fiƙihu ba su taɓa zama tare ba, amma sun hango mutum ɗaya: wanda zai zo daga baya bai san komai ba. Jama'ar da suka zo kallon kaye suka watse.

Alƙali ya janye umarninsa, ya rubuta wa babbar kotu cewa duk abin da ya ragu bayan an biya banki a aiko gabansa, haƙƙin Alhaji Mamman ne. A harabar kotu Alhaji Habu ya durƙusa a gaban amininsa. Alhaji Mamman ya ce, "Tashi, Alhaji, mutane suna kallo." Ranar dai kowa ya nemi abin hawansa daban.

Babbar kotu ta ba da umarnin sayarwa, aikin ya sake dawowa hannuna. To ku masu cewa baki ne kawai, ga inda sana'ar take. A shekara mai lafiya gidan nan zai biya banki, ya biya Mamman, har mai shi ya samu na haya. Amma ba a shekara mai lafiya muke ba. Sannan kun san halin garinmu: mutum ba ya taya gidan wanda suke haɗa sahu da shi a masallaci. Ranar gwanjo jama'a sukan cika wuri, amma kowa hannunsa a cikin riga. Sai wani baƙo daga cikin masu bin gwanjo gari-gari ya taya daidai kuɗin mai jinginar farko. Shi lauya in nasa ya cika ba ruwansa da saura. Guduma ta sauka, na biyu ya tafi hannu wofi. Ke nan abin da Alhaji Mamman da makiyayansa za su samu ya rataya ne a kan yadda zan iya ɗaga kuɗin nan sama da na banki.

Na liƙa sanarwa a inda doka ta ce, na ƙara da inda ba ta ce ba. Na bi masu hali ɗaya bayan ɗaya, a Daura, da Mai'adua, da Sandamu, na zauna a zaurukansu na sha ruwansu. Kowa ya san gidan, kowa yana sonsa, musamman siton nan da ke bakin hanya. Amma amsa ɗaya ce. "Malam Isyaku, ni in sayi gidan Habu yana raye? Da wane ido zan dube shi ranar Juma'a?"

Ranar gwanjo na kafa bencina a ƙofar gidan da hantsi. An riga an kwashe iyalin Alhaji Habu zuwa gidan ƙanensa. Ga lauyan banki, ga magatakardan babbar kotu, ga ɗan sanda. Makiyayan nan suna tsugune a gindin darbejiya da sandunansu, Alhaji Mamman yana gefe shi kaɗai. Mai gida kuwa ban neme shi ba, don a al'ada ranar irin wannan mutum barin gari yake yi. Na kaɗa ƙararrawa, na karanta umarnin kotu, na buɗe ciniki. Shiru. Can sai wani baƙo mai jaka a hammata ya taya ƙasa da kuɗin banki. Lauya ya girgiza kai. Baƙon ya ƙara ya kai daidai, ya harɗe hannu.

Na kira. Na sake kira. Na bi fuskokin mutanen da na san aljihunsu, duk wanda idona ya faɗa kansa sai ya dubi ƙasa. Akwai iyakar yadda mutum zai riƙe guduma a sama. Magatakarda ya fara duba agogo, lauya ya fara haɗa takardunsa.

Sai ƙofar zaure ta buɗe, Alhaji Habu ya fito. Farar babbar riga ce a jikinsa, irin ta zuwa Idi. Ashe tun safe yana ciki. Ya zo gindin bencina ya ce, "Malam Isyaku, doka ta hana mai gida magana?"

Na dubi magatakarda. Ya ce magana ba laifi, amma ba shi da damar tayawa.

Alhaji Habu ya ce, "In taya da me?" Sai ya juya ya fuskanci jama'a.

Ya ce, "Jama'a, na san abin da ya rufe muku baki. Kunyata kuke ji, Allah ya saka muku da alheri. Amma kunyar nan ita za ta halaka ni. Gidan nan ya riga ya fita hannuna, ko kun taya ko ba ku taya ba. Abin da ya rage shi ne wancan bawan Allah, da waɗancan da ke gindin bishiya. Ya ƙi riƙe takardata don ya rufa mini asiri, ni kuma na ɗauke ta na kai wani wuri ban gaya masa ba. Duk abin da kuka ɗora a kan kuɗin banki, daga wuyana kuka sauke shi. Wanda yake ƙaunata ya taya. Wanda ya saya, wallahi ni zan fara zuwa in yi masa Allah ya sanya alheri."

Bai jira amsa ba. Ya miƙo hannu ya zare sandata ya ce, "Ku zo ku ga abin da za ku saya."

Na sauko na bi bayansa, jama'a suka biyo mu. Ya bi azara yana ƙwanƙwasa musu su ji, yana faɗin inda ya sayo giginyar. Ya nuna a ƙirjinsa zurfin harsashin dutsen da aka zuba. Ya jawo guga ya ba dattawa suka sha, ya ce ko a wannan shekara rijiyar ba ta ja baya ba. Ya buɗe sito ya nuna yadda ya ɗaga daɓen don kada laima ta taɓa buhu. Ya ce rufin ba ya yoyo ko'ina. Ya kai mu katangar baya ya ce, "Nan ta taɓa tsagewa, na ɗinke ta, amma ku sani." Na yi shekaru da yawa ina tallan gidajen mutane, ban taɓa ganin wanda ya yi tallan gida kamar yadda mutumin nan ya yi ba. Kuma kowace kalma da ya faɗa ƙara fitar da gidan take daga hannunsa, kuma ya sani.

Muka fito na koma kan benci. Wanda ya fara buɗe baki wani Alhaji Sule ne, ɗan kasuwar hatsi daga Mai'adua, ɗaya daga cikin waɗanda suka ce mini ba za su iya ba. Ya taya yana duban ƙasa. Alhaji Habu ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Baƙon nan ya ƙara. Wani mai shagon taki ya ɗora. Sai na ji muryar wani mahauci da na san ko rabin kuɗin ba shi da shi. Na tsayar da ciniki na ce, "Jama'a, a sani, wanda guduma ta sauka a kansa sai ya biya." Mahaucin ya ce, "Mun sani, Malam. Ci gaba."

A nan ne duk abin da na koya ya yi mini rana. Ka san wanda yake tayawa don ya saya, da wanda yake tayawa don ya tura, kada ka bar kuɗi ya kwana a bakin na biyun. Ka san lokacin da za ka rage yawan abin da ake ɗorawa don mai ja da baya ya samu matakin takawa. Ka san lokacin da za ka yi shiru ka dubi mutum kawai. Baƙon ya bi su zuwa wani wuri, sannan ya matse jakarsa ya fice daga taron. Aka bar mutanen gari suna ja da juna a kan gidan da ɗazu ba wanda ya yarda ya dube shi. Duk wanda ya ɗora, mai gida yana gindin bencina yana sa masa albarka. Makiyayan suka miƙe tsaye, ba su san lissafin ba amma sun ga fuskar Alhaji Mamman. A ƙarshe guduma ta sauka a kan Alhaji Sule. Alhaji Habu ya ratsa mutane ya je ya kama hannunsa da hannu biyu.

Rabon kuɗi ya bi yadda doka ta tsara, ba a canza komai ba don wani ya yi abin kirki. Aka cire kuɗin kotu da la'adata, kuma na karɓa, kada ku zaci wani abu, da ita nake ci. Aka biya banki cif, shi da ya zo daga baya. Ragowar ta tafi gaban alƙali. Alhaji Mamman ya ce a fara sallamar makiyaya, aka sallame su kaf, shi kuma ya samu wani abu daga cikin nasa. Sauran ya zauna a wuyan Alhaji Habu. Mamman bai ce ya yafe ba, don shi ma yana da iyali, Habu kuma bai roƙa ba. Ya koma yi wa wasu awon hatsi a kasuwa, yana biya kaɗan-kaɗan har ya gama.

Saboda haka in wani ya zo muku ya ce zai ba amininsa kuɗi a kan gida, ku ce masa ya karɓi takarda, ku raka shi a yi rajista, ko da zai ji haushinku. In mai saye ya zo, kada ku karɓi ko kwabo sai kun je kun duba fayil da idonku. Ɗaga murya kuwa kowa ya iya.

Ranar da zan miƙa wa Alhaji Sule makullai, na riga shi zuwa gidan don in tabbatar an kwashe komai. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, na farkon damina. Sai na ga tsani a jingine da bango. Na ɗaga kai, ga Alhaji Habu a kan rufi, ya naɗe hannun riga, yana yaɓa siminti a gindin indararo.

Na ce, "Alhaji, me kake yi a kan gidan mutane?"

Ya leƙo ya ce, "Da muka janye kabad a ɗakin tsakiya na ga tabon ruwa a bayansa. Ban san da shi ba. Kuma na gaya wa jama'a ba ya yoyo." Ya dubi hadarin ya ce, "Malam Isyaku, miƙo mini bokitin nan kafin ya sauko."

Na zuba makullan a aljihu, na ɗauki bokitin na hau tsani.